Auren Mangwaro

Likita ya juya takarda sau biyu
kafin ya ce, "Malam Nomau, daji ne."
Na ce, daji ai na san shi,
a cikinsa na yi kiwon jajayen awaki ina yaro.
Bai yi dariya ba.
Ni ma, da muka fito ƙofa, na daina.

Tun ranar mutane suka koyi magana ƙasa-ƙasa.
Masu dubiya kan tuɓe murya tare da takalmi,
su ce sannu, su dubi tabarma,
kamar an riga an yi sanarwa a Mokoyo
ni kaɗai ba a gaya wa ba.

Ban da Illa.
Illa bai iya sannu ba.
Da la'asar yake shigowa, ƴaƴan dara cike da aljihu,
ya tona gurabe a gindin bedi,
ya cinye ni babu tausayi,
ya ce, "A ciki ciwonka yake, ba a ka ba. Sake zubi."
Ran da na cinye shi
ya dinga rantsuwa wai na yi maguɗi.
Ban taɓa shan magani mai daɗin zargin nan ba.

Duk mako uku, motar asuba zuwa Yamai.
Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso,
na haddace ramukan hanya kamar gajerun surori.
A can ruwan shimiyo yana ɗiga cikin jijiya,
ɗis,
ɗis,
kamar indararo bayan ruwa ya ɗauke.
Gemu ya zube, gira ta bi sawu.
Habsu ta ƙare mini kallo, ta ce,
"Shekara talatin ina roƙo a rage gemun nan,
ashe sai an biya jika ɗari za ka ji."

Kada in yi ƙarya, akwai dare.
Akwai daren da tuwo ke ɗanɗanon tsatsa,
in ƙirga ƴaƴa, in ƙirga bashi,
in ƙirga abin da ya rage a turke:
akuya biyu da igiyoyi bakwai.
Ina jin Habsu bayan rumbu
tana kuka a hankali don kada in ji,
ni kuma ina minsharin ƙarya
don kada ta san na ji.
Har daren da muka gaji da ɓoyo.
Muka zauna bakin gado muka yi shi tare,
sosai, kamar yara,
sannan ta tashi ta dama kunu.
Na shanye, kuma ya zauna.

Jiya na sa Laminu ya goya ni a babur
zuwa garkata a bakin Gulbi.
Rijiya tana nan, guga ya huje.
Na yanko reshe daga uwar mangwaro mai zaƙi,
na tsaga ɗan dashen bara,
na aura su, na ɗaure da leda.
Hannu yana rawa, amma wuƙa ba ta manta hanya ba.

Laminu ya ce, "Baba, sai fa shekara uku zai yi ɗiya."
Ya faɗa, sai ya cije leɓe.
Na ce, ɗaga kanka.
Likita bai ba ni shekara uku ba,
bai kuma hana ni ba,
don ba a aljihun rigarsa suke ba.
Mai su yana nan, ba Ya barci.
Kai dai ban ruwa safe da yamma,
kada ka kwance ledar sai ido ya tsiro.

Muka dawo ana kiran magariba,
ƙafata da laka, jikina duk ciwo,
ina jin yunwa, karon farko cikin wata.
Habsu, a ɗora tukunya.
A kuma aika wa Illa ya zo gobe da wuri,
ina bin sa ci biyu.